Neman na'urar CD ta kirki daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure

Amfilifaya da lasifiku biyun da ke ɗakina gadon yayana ne, Allah ya jiƙansa. Ya saye su lokacin da yake aiki a masaƙa a Kaduna, zamanin da ma'aikacin masaƙa kan shiga kanti ya nuna kaya da yatsa ya biya nan take. Sansui ce amfilifayar, mai fuskar azurfa, kuma har yau ba ta taɓa yi mini gardama ba. Shekara da shekaru abin da nake jona mata shi ne wata 'yar na'urar DVD mara nauyi, irin waɗanda ake jerawa a kayan ɗakin amare. Tana aiki, amma idan kiɗa ya yi kauri sai komai ya cakuɗe, ka rasa ina kalangu ya tsaya ina muryar 'yan amshi ta fara.

Da na yi ritaya daga koyarwa, kuɗin sallama suka fito bayan dogon jira, ga shi riɗi ya yi kyau a wannan kakar, sai na ce lokaci ya yi da zan samo wa amfilifayar nan abokiyar zama daidai da ita. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, duk duniya ta koma waya, kai kuma yanzu ne za ka koma faifai?" Na ce mata ai ban taɓa barinsa ba.

Dalilina ba na son tsohon abu ba ne kawai. Lokacin da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, sun tsara shi ne ya riƙa auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kuma duk abin da aka auna yana nan a kan faifan, ba a zubar da komai ba. Idan ka lissafa, bayanan da ke fitowa daga faifai sun kai kilobit 1,411 a sakan. Waƙar MP3 da yara ke tura wa juna a memori kuwa, galibi 128 ce. An yanke abin da ake zaton kunne ba zai lura da shi ba don ta yi sauƙin ɗauka. A lasifikar waya ba za ka gane ba. A lasifika mai tsayin ƙugun mutum, cikin ɗaki da dare, za ka gane.

Ban fara da kasuwa ba. Na fara da akwatin faya-fayaina, kuma a nan ne jikina ya yi sanyi. Na shimfiɗa tabarma na zazzage su na ware su kashi-kashi. Mafi yawansu ashe VCD ne, masu hoto, waɗanda na'urar sauti zalla ba ta karantawa ko kaɗan. Wasu kuma MP3 ne da aka cusa waƙa ɗari a faifai guda. Akwai kashi na uku masu yaudara: an ɗauko waƙar daga tsohon kaset ko daga MP3, aka ƙona ta a faifai a shagon kwamfuta, aka buga hoton mawaƙin a kai. Waɗannan yawancin na'urorin CD za su iya kunna su, sai dai abin da aka zubar tun farko ba ya dawowa. Gane su ba wuya. Ka juya bayan faifan: na asali da aka buga a masana'anta fari ne tas kamar madubi, na ƙonawa kuwa yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi ko ruwan zinare, kuma idan ka karkata shi ga haske za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Na asalin da suka rage mini ba su cika kwalin takalmi ba: karatun Alƙur'ani da alhazai suka yi mini tsaraba, kiɗan molo da kora na Mali da wani ɗalibina ya aiko mini daga Faransa, da wasu na yayana. Wannan kwalin ne ya sa na rage buri. Sayen na'urar da ta ci kuɗin mota saboda faifai ashirin da 'yan kai bai kama hankali ba, amma kuma dole wadda zan saya ta iya karanta faifan ƙonawa ba tare da gardama ba, domin waƙoƙin makaɗanmu na da, masu kuntigi da kotso da taushi, a irin waɗannan faya-fayan kawai nake da su.

Abu na biyu wuta. A garinmu wutar gari baƙuwa ce, idan ma ta zo takan zo a raunane. Muna da sola da batir biyu da inbata. Tsohuwar inbatar tawa irin mai arha ce, wadda wutarta ke fita a gutsure-gutsure, kuma na daɗe ina jin amfilifaya tana wani gurnani a kanta wanda ba ta yi a kan wutar gari. Taransifomar da ke cikin kayan sauti tana son wuta mai tafiya santala, wadda 'yan sola ke kira fiya-sayin. Don haka kafin in ga ko da hoton na'urar CD, wani kaso na kuɗina ya riga ya tafi wajen canza inbata. Ban ji daɗin hakan ba a lokacin, amma gurnanin ya ɗauke a ranar, kuma ko da 'yar DVD ɗin nan sauti ya ɗan washe.

Daga nan na je wurin wani mai gyaran rediyo a cikin Kazaure, yaron da na taɓa koyarwa a aji uku, yanzu har da furfura a gemunsa. Na nuna masa hotunan da ɗana ya tara mini a waya: Accuphase da Esoteric na Japan, Naim da Rega na Ingila, da tsofaffin Marantz da Philips masu ɗauke da wani guntun lantarki mai lamba TDA1541, mai mayar da bayanan faifai su zama sauti, wanda masu son sauti a Turai ke yabo tun shekarun 1980. Ya gama kallo ya miƙo mini wayar.

"Malam, duk suna da kyau. Amma ni tambayata ɗaya ce: idan idonta ya mutu, ina za mu samo wani?"

Ya jawo wata matacciyar na'ura daga ƙarƙashin tebur ya buɗe ta ya nuna mini. Idon ɗan gilashi ne da bai kai ƙwayar wake ba, yana zaune a kan wasu siraran wayoyi, idan ka taɓa shi da tsinke sai ya yi rawa. Ta cikinsa hasken leza ke fita ya bugi faifai ya dawo. Faifan yana juyawa kusan sau 500 a minti idan ana karanta tsakiyarsa, ya riƙa raguwa zuwa wajen 200 idan an kai baki, domin CD daga ciki yake farawa ya fito waje, saɓanin faifan garmaho. Duk tsawon wannan lokacin idon yana hawa yana sauka yana bin layin da ido na mutum ba ya gani. Ya ce lezar tana tsufa, ƙarfinta yana raguwa, kuma alamar farko ita ce ta fara ƙin faifan ƙonawa, saboda shi ba ya mayar da haske sosai kamar na asali. Tsofaffin Philips, waɗanda idonsu ke kan wani hannu mai lilo, suna da ƙarko matuƙa, in ji shi, amma an daɗe da daina ƙera idonsu, sai dai a yanka wata a gyara wata. Irin idon Sony mai lamba KSS-213 kuwa, ya ce ko a Kano ana samu, saboda na'urori da yawa sun yi amfani da shi.

Ya kuma lissafa mini abokan gabar na'ura a ƙauye. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ido. Zafin bazara yana sa 'yar robar da ke jan tiren faifai ta saki, ka danna maɓalli tire ya ƙi fitowa. Sai zanzaro, wanda duk ramin da ya gani sai ya cika shi da laka. Ya nuna mini wata rediyo da aka kawo masa, gidan zanzaro uku a kan allon wayoyinta. Na tambaye shi game da Rega Apollo, mai murfi a sama da ake ɗagawa da hannu, tunda ita ba ta da tire balle roba. Ya ce gaskiya ne, amma duk sanda ka ɗaga murfin idon yana kallon sama a buɗe, kuma a watan Janairu a nan minti ɗaya ya isa. Masu haɗiye faifai ta ɗan tsagi kuma, robobin da ke jan faifan suna kwasar ƙura su shafa masa. Muka tsaya a kan mai tire, tunda robar tire abu ce da shi kansa zai iya canzawa a zaune.

Akwai shawarar da ɗana ya kawo wadda na daɗe ina juyawa. Na'urar CD aiki biyu take yi: ɓangare ɗaya yana karanto lambobi daga faifai, ɗayan, wanda ake kira DAC, yana mayar da lambobin su zama sautin da amfilifaya za ta ƙara wa ƙarfi. Wasu kamfanoni suna raba su gida biyu. Cambridge Audio CXC, misali, karatu kawai take yi, sai ka sayi DAC daban. Hikimar ita ce idan mai karatun ya mutu ba ka yi asarar ɗayan ba. Amma akwati biyu na nufin soket biyu, waya ƙari, da wurin ɓuyan zanzaro biyu. Na ce a'a. Abin da na ɗauka daga shawarar shi ne in tabbatar wadda zan saya tana da ƙofar fitar da lambobi a bayanta, ko ta waya ko ta haske, don idan wata rana na samu hali in ƙara DAC ba sai na sake komai ba.

Sai Kano. Muka bi ta Ɗambatta ni da ɗana da mai gyaran, da faya-fayai huɗu a aljihun babbar riga. A Sabon Gari sabuwar na'urar CD zalla ta yi wuya, duk inda ka tambaya sai a nuna maka lasifikar bulutut mai walƙiya. Wani ya yi mana kwatancen wani ɗan kasuwa da ke kawo kayan sauti na hannu daga Legas, daga kasuwar Alaba, ya ce idan ba a samu a wurinsa ba to a haƙura. Shagon ɗan ƙarami ne, an jera na'urori har rufi. Mutumin ya iya Hausa sarai.

"Alhaji, irinku ne nake jira. Yara ba su san wannan kaya ba."

Ya fara sauko mana da wata Sony ta jerin ES, baƙa, mai ƙafafu kamar kofuna. Da na ɗaga ta sai da na gyara tsayuwa. Tirenta ya fito a hankali ba ƙara ko kaɗan, raina ya biya nan take. Mai gyara bai ce komai ba, ya juya bayanta ya sa yatsa a kan wani ɗan rubutu: bolt 100. Ta kasuwar cikin gida ce ta Japan. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Idan ka jona irin wannan kai tsaye, hayaƙi za ka gani kafin ka ji kiɗa. Mai shagon ya ce ai akwai taransifomar rage wuta, zai haɗa mini. Haka ne, akwai. Amma ni ina da jikoki, kuma ina da maƙwabta masu zuwa cajin waya su zare wannan su soka wancan. Rana ɗaya wani zai jona ta a bango. Na shafa ta na mayar masa.

Ta biyu tsohuwar Turai ce, ta wajen ƙarshen shekarun 1980, irin masu guntun da ake yabo. Da faifan asali ta yi waƙa mai daɗi, murya ta fito da ɗumi. Da na sa faifan ƙonawa sai ta yi ta juyi tana neman hanya, daga baya ta rubuta cewa babu faifai. Ba laifinta ba ne, an ƙera ta tun kafin faifan ƙonawa ya yaɗu, ga kuma shekaru. Ta uku Marantz CD6006 ce da aka kawo daga Ingila, wutarta daidai da tamu, da rimot ɗinta. Ita ba ta kai waɗancan nauyi ba, kuma na san a wurin manyan masu wannan sha'awa ita ce matakin farko na tsani, ba ƙololuwa ba.

Na roƙi mai shago ya bar mu mu gwada su yadda ya kamata, ya kashe rediyonsa ya ja ƙofa. Akwai abin da na sani tun ina koyar da kimiyya: idan aka kunna maka abu biyu, wanda ya fi ƙara ko da ɗan kaɗan shi za ka ce ya fi daɗi. Na'urorin CD galibi suna fitar da wajen bolt 2 ne, amma ba daidai suke cif ba, wata takan ɗara wata. Sai mai gyara ya ɗauko mitarsa ya daidaita ƙarfin a bakin lasifika, ya yi alama da biro a jikin maɓallin amfilifaya, ɗaya don wannan ɗaya don waccan. Na juya baya na fuskanci bango, ɗana yana canza waya ba tare da ya gaya mini wacce ke aiki ba.

Na zaɓi wani wuri a faifan molo inda makaɗin ke jan tsirkiya ɗaya ya bar ta ta mutu da kanta kafin ya taɓa ta gaba, kuma a bayansa akwai mai buga ƙwarya da zobe a yatsa. Da aka sa 'yar DVD irin tawa, wadda mai shago yake da ita a gefe, na gane ta kowane karo: ƙarar zoben takan zama kamar ana taɓa gwangwani, kuma jelar sautin molon takan yanke da wuri. Amma tsakanin Sony mai nauyi da tsohuwar Turai da Marantz, gaskiya lamarin ya yi kusa ƙwarai. Wani lokaci in ce wannan ce, a ce mini waccan ce. Tsohuwar kamar ta fi taushi a murya, Sony kamar ta fi kama ƙasan ganga, amma ba zan rantse a kai ba. Mai shago ya so ya ja ni zuwa mai tsadar, yana cewa, "Alhaji, ka sake saurara da kyau." Na saurara. Tazarar da ke tsakanin faifan asali da na ƙonawa a na'ura ɗaya ta ninka tazarar da ke tsakanin na'urorin uku nesa ba kusa ba, kuma wannan kowa a shagon ya ji shi, har yaron da ke kawo shayi.

Sauran gwajin na mai gyara ne. Ya sa faifai mai tsawo ya tsallaka zuwa waƙar ƙarshe, domin a bakin faifai ne na'ura mai rauni ke fara tuntuɓe. Ya ƙwanƙwasa saman akwatin da yatsa yana sauraron ko za ta yi tsalle. Ya sa wani faifaina mai ƙarzuwa. Tsarin CD yana da dabarar cike gurbi, yana iya gyara ɓacewar da ta kai kusan milimita biyu da rabi a kan layi ba tare da kunne ya ji ba, amma sai idon yana da lafiyar da zai ci gaba da bin hanya. Marantz ta wuce duka. Ya bar ta tana aiki har muka je muka yi sallar azahar muka dawo, don wata cutar sai na'ura ta yi zafi take bayyana. A ƙarshe ya nemi izini ya kwance murfin, ya haska tocila, ya duba ko an taɓa yi mata aiki, ya karanta lambar idon ya buga wa wani abokinsa waya a Legas. Aka ce akwai. Sai ya dube ni ya gyaɗa kai.

Ciniki ya ɗauki lokaci, kamar kullum. Abin da na nace a kai shi ne a rubuta mini a rasit cewa idan ta ƙi karatu cikin mako biyu zan dawo da ita, kuma ya ƙara mini robar tire guda biyu. Ya so ya sayar mini da wata wayar haɗi mai kaurin yatsa da bakin zinare, kuɗinta ya isa buhun gero. Na ɗauki matsakaiciya mai kama soket da kyau, tsawon mita ɗaya.

A mota ban yarda an sa ta a but ba. Na naɗe ta da bargo na ɗora a cinya har Kazaure, daga bakin titi kuma ɗan acaɓa ya bi da mu a hankali ina ta yi masa faɗa a kan kowane rami.

Kafinta ya yi mini ɗan kabad mai ƙofar gilashi, bayansa a buɗe amma an rufe da ragar sauro, iska na shiga zanzaro ba ya shiga. Na'urar tana ƙasa, amfilifaya a sama, don zafin amfilifaya sama yake tashi. Ba ta cin wuta, ba ta kai tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ba, batir ba ya ma sanin tana aiki. Da damina idan hadari ya haɗo nakan zare komai daga bango. Faya-fayan kuma na koya wa jikoki su riƙe su ta baki, kuma idan za a goge a fara daga tsakiya a ja zuwa waje, kada a bi zagaye, saboda ƙarzuwar da ta bi zagaye kan layin waƙar take kwanciya ta cinye shi da tsawo. Abin da ya ba su mamaki shi ne da na ce saman faifan, wajen hoton, ya fi ƙasan saurin lalacewa. Rubutun yana can kusa da sama ne a ƙarƙashin ɗan siririn fenti, ƙasan kuwa roba ce mai kaurin fiye da milimita ɗaya. Faifan ƙonawa kuma ba ya son rana ko kaɗan, na daina barinsa a taga.

Uwargida ce ta fara lura da wani abu a karatun Alƙur'ani, ta ce yanzu tana jin lokacin da mai karatun ke jan numfashi. Waƙoƙin da aka kwaso daga kaset kuwa ba su gyaru ba, hasali ma shuuu ɗin kaset ɗin ya ƙara fitowa fili, har da inda zaren ya taɓa tauyewa. Ina jin su a haka, don babu wasu.

Sabuwar na'urar ta kuma tona wani asiri. Lasifikar hagu tana ɗan kakkarwa idan ganga ta sauka ƙasa sosai, abin da a da nake ɗora wa 'yar DVD. Da na cire ragar gabanta sai na ga soson da ke zagaye da bakinta ya fara ruɓewa, yana marmashewa a yatsa. Mai gyara ya ce ana samun sabon soso a manna, amma sai an auna faɗin bakin an aika Legas, kuma gara a yi wa duka biyun lokaci guda don kada ɗaya ta fi ɗaya tauri. Na ce masa ya bari sai an sayar da wake.